Ranar Da Aka Ci Su Ɗanki A Ƙwallo: Me Yake Faɗa Wa Kansa?

Na san da wuya a rasa yaron da ƙwallo ta shiga ransa a gidanki, ko yarinyar da ke tsere a gasar wasannin makaranta. To, kin taɓa lura da yadda yara ke dawowa gida ranar da aka ci su? Wani zai yi wanka ya ci tuwonsa, gobe ya koma fili. Wani kuwa sai ya shige ɗaki ya ƙi abinci, ƙarshe ya ce ya bar wasan ke nan har abada. Kashin da suka sha iri ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne maganar da kowannensu yake faɗa wa kansa a zuci.

Dubi Bukayo Saka, ɗan wasan Ingila wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Ranar 11 ga Yuli, 2021, wasan ƙarshe na cin kofin Turai tsakanin Ingila da Italiya ya kai ga bugun fanareti. Saka, yana ɗan shekara 19, shi aka ba bugun ƙarshe, mai tsaron gidan Italiya ya tare, kofi ya tafi. Aka bi yaron nan da zagin wariyar launin fata a intanet. Amma a 2024, da wasan Ingila da Suwizalan ya sake kaiwa ga fanareti, ya fito ya buga, ta shiga raga. Irin wannan juriya ana iya koya wa yaro ita.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Albert Ellis, shi ya fito da wata hanyar gyaran tunani a 1955. Bayaninsa shi ne, tsakanin abin da ya sami mutum da halin da ya shiga akwai abu na uku, wato abin da ya ƙudurta a ransa game da lamarin. A Ingila, Martin Turner da abokan aikinsa sun gwada hanyar a kan matasan makarantun horon ƙwallon ƙafa, suka ga gurɓataccen tunaninsu ya ragu.

Gurɓataccen tunanin nan iri huɗu ne, kuma uwarsu ita ce "dole": dole in ci, dole kociya ya yaba mini. Na biyu, kambama abu: idan na faɗi, kashina ya bushe. Na uku, raina ƙarfin kai: ba zan iya jure kunyar ba. Na huɗu, wanda ya fi illa, yanke wa kai hukunci: tunda na zubar da ƙwallo, ni ba ni da amfani. Yaron da ya shiga fili da wannan kaya a kansa, ƙafarsa rawa za ta yi, domin a wurinsa mutuncinsa duka ne aka ajiye a gaban raga.

Maganin shi ne a tsare tunanin da tambayoyi uku. Shin gaskiya ne, ina hujjar? Shin ya hau hankali, wato don kana son ci sai ya zama dole ka ci? Shin yana taimakonka, ko ƙara maka tsoro yake? Idan tsohon tunani ya kasa amsawa, sai a dasa sabo: "Ina matuƙar son in ci, zan yi iya ƙoƙarina. In ban ci ba zan ji zafi, amma zan jure, kuma kuskure ɗaya bai mayar da ni banza ba." Ki lura, ba a rage wa yaro buri ba, ba a kuma hana shi ɓacin rai ba. Ɓacin ran da ke mayar da shi atisaye alheri ne. Wanda ake gudu shi ne mai karya gwiwa.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Malam Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya ba da shawara a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus cewa mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da hankalinsa ke kwance, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Haka kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta yi tsere da Manzon Allah (SAW) ta wuce shi, bayan wani lokaci suka sake, shi kuma ya wuce ta. Ki ba yaranki wannan labari, su san yau gare ka, gobe ga waninka.

Saura ke, uwargida. Sau da yawa a bakinmu yara ke ɗaukar "dole". Kalmar "ka ba mu kunya" ko "dubi ɗan wance" takan zauna a zuciyar yaro shekara da shekaru. Ranar da aka ci su, ki bar shi ya huce tukuna. Bayan ya ci abinci ki tambaye shi me ya faɗa wa kansa lokacin da abin ya faru, sannan ku bi tambayoyin nan uku tare, cikin raha. Ki yabi ƙoƙarinsa ko da bai zo da kofi ba. Hanyar tana aiki ga ɗalibar musabaƙa da ta sarƙe a gaban alƙalai, da mai jiran sakamakon jarrabawa.

Amma idan kika ga damuwar ta kai mako biyu, ba barci, ba cin abinci, ya janye daga mutane, to kada ki tsaya ga nasiha kawai, ki kai shi asibiti a duba shi.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su zuciyar da ke tashi bayan faɗuwa, amin.