Daga Banaras Zuwa Dutsen Tongo: Ladabin Baƙo a Wurin Bautar Wasu

Ga taƙaitaccen bayanin hirar da muka yi a filinmu na makiyaya da fatake na wannan mako, domin waɗanda suke kan hanya ko cikin daji lokacin da aka watsa ta.

Wani ɗan kasuwar albasa da ke bin hanyar Paga zuwa Tamale ne ya bugo waya. Ya ce ya ga hoton wani gari a Indiya inda shanu ke kwance a tsakiyar titi, motoci na kauce musu, ba mai ɗaga musu sanda. Shin gaskiya ne? To, gaskiya ne, Alhaji. Amma amsar ta ja mu har gida, don mu ma nan arewacin Gana muna da wuraren da masu su suka tsarkake, kuma rashin sanin ƙa'idarsu ya sha jawo wa baƙo asara.

Garin da ke bakin kogin Ganga

Sunan garin Baranasi, wasu na cewa Banaras, mabiya addinin Hindu kuma na kiransa Kashi. Yana jihar Uttar Pradesh, a bakin kogin Ganga. A wurinsu wanka a kogin yana wanke zunubi, wanda kuma ya mutu a garin ya huta da sake dawowa duniya. Shi ya sa tsofaffi ke zuwa can su jira ajali. Akwai matakalai na dutse fiye da 80 da ke gangarawa cikin ruwa, ɗaya daga ciki, Manikarnika, nan ake ƙona gawa dare da rana.

Babban ɗakin bautarsu shi ne Kashi Vishwanath, wanda wata sarauniya, Ahilyabai Holkar, ta gina a 1780. Jikinsa akwai masallacin Gyanvapi, kuma har gobe ana shari'a a kan filin. Musulmi na da yawa a garin, su ne ma masaƙan alharinin da Banaras ta yi suna da shi. Saniya kuwa, dokar jihar ta 1955 ta hana yanka ta. Saboda haka ɗan'uwa, in neman magani ko sarin kaya ya kai ka can, ka cire takalmi inda aka ce a cire, kada ka ɗauki hoton gawar mutane, kuma kada ka yi wa saniyar titi irin tsawar da ka saba yi wa taka.

Kurmin da ba a kiwo

Mu dawo gida. Makiyayi ya san yadda rani yake a ƙasar Dagomba: ciyawa ta ƙone, ƙasa ta yi fari fat. Sai ka hango wani ɗan kurmi kore shar a tsakiyar gonaki, manyan itatuwa sun haɗe kai, ga inuwa, ga ganye. Ka tambayi kanka, me ya sa wuta ba ta ci shi ba, gatari bai taɓa shi ba? Amsar ita ce yana da masu shi. Kaka da kakanni suka hana sara, suka hana farauta, suka hana kiwo a ciki, shi ya sa ya rage.

Irin wannan akwai a Malshegu, nan kusa da Tamale ta hanyar Kumbungu, akwai kuma na Jaagbo a yankin Tolon. Mai kula da irin waɗannan wurare a yawancin garuruwan arewa shi ake kira tindana, wato mai ƙasa. Ku lura da kyau: tindana daban, sarki daban. Sarki na iya ba ka izinin sauka da garkenka, amma wannan izini bai buɗe maka kurmin ba. Nan ne da yawa ke yin kuskure, su ce ai mun gai da sarki, mun kai goro.

Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: tukwane a kife a gindin itace, gashin kaza manne a dutse, farin ƙyalle ɗaure a reshe. In ka ga haka, juya kan shanu. Kada yaro ya hau maɗaci ya saro wa dabbobi ganye. Tara a irin wannan laifi da dabba ake biya, kaza, akuya, tunkiya, wani lokaci har saniya. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne, laifin yaro ɗaya kan sa a tashi ruga guda, a kuma rufe wa waɗanda za su zo baya mashaya.

Dutsen Tongo

In ka kama hanyar arewa daga Tamale, ka wuce Walewale, kafin ka shiga Bolgatanga za ka ga duwatsun Tongo ta hannun dama, ƙasar Talensi ke nan. A can sama, a ƙauyen Tengzug, akwai kogon da ake bautar Tongnaab. In akwai wurin da ya yi kama da garin ziyara irin na Indiya a wannan yanki, to shi ne. Mutane na tahowa tun daga Kumasi da bakin teku, masu neman haihuwa, masu neman waraka, masu neman sa'ar kasuwa. Mutanen kudu na kiransa Nana Tongo.

Turawan Ingila sun kai wa duwatsun yaƙi a 1911, suka kori mutane, suka hana bautar, suka sake komawa a 1915. Duk da haka masu ziyara ba su daina zuwa ba. Abin da bindigar gwamnati ta kasa hanawa, ba gardamar baƙo ce za ta sauya shi ba.

Ƙa'idar shiga kogon ita ce a cire takalmi da hula da riga, namiji ko mace. Wanda addininsa bai yarje masa ba, ba wanda zai ja shi ciki, sai ya tsaya daga ƙasa. Haka kuma lokacin bikin Golob, wajen watan Maris kafin shuka, mutanen duwatsun na ajiye riguna, kuma akwai hane-hane masu tsauri, har kukan mutuwa ba a yi. Mai kai gero ko dabbobi kasuwannin wannan yanki ya tambayi mai masaukinsa kafin ya hau.

Kadojin Paga

Paga kowa ya san ta, nan ne bakin iyaka, ka tsallaka ka faɗa Dakola a Burkina Faso. Kasena mutanen garin sun ɗauki kadojin tafkunansu tamkar dangi, suna cewa kowane kada na ɗauke da kurwar wani ɗan gari. Ba a kashe su, ba a cin namansu. Masu yawon buɗe ido kan sayi kaza a kira kada ya fito, har a dafa bayansa a ɗauki hoto. Makiyayin da ya saba in ya ga kada a mashaya ya jawo sanda ko adda, to a Paga ya riƙe hannunsa. In kana tsoron maruƙanka, tambayi 'yan gari inda za ka shayar.

Namu ma yana da ƙa'ida

Kada a ce sai na wasu muke lissafawa. Yamma da Tamale, bayan Damongo, kusa da gandun dajin Mole, akwai masallacin Larabanga, ginin ƙasa mai itatuwa tsire a bango. Mutanen garin na cewa wani falke mai suna Ayuba ne ya kafa shi a 1421. Ƙofofinsa huɗu: ta sarki, ta maza, ta mata, da ta ladan. Wanda ba Musulmi ba yakan tsaya a waje ya kalla, kuma Turawa na zuwa su tsaya ba musu. To, yaya za ka ji in wani ya kutsa da takalmi ya ce bai sani ba? Yadda za ka ji ɗin nan, haka tindana ke ji in ya ga kofato a kurminsa.

Wani malami da ya bugo waya ya tambaya ko girmama irin waɗannan wurare bai taɓa imani ba. Muka ce ba a ce ka yi bauta ba, ba a ce ka yanka wa dutse kaza ba. Kaucewa kawai aka ce. Malamanmu ma sun sha faɗa cewa addini ya hana zagin abin bautar wani, don kada shi ma ya rama a kan naka.

Abin riƙewa

In ka sauka a sabon wuri, bayan gaisuwar sarki, tambayi Sarkin Fulani ko Sarkin Zango: ina ne ba a shiga, wace rana ce ba a taɓa ƙasa, wane ruwa ne ba a shayarwa? Ka nuna wa yaran kiwo wurin da idonsu, don su ne ke bin shanu, ba kai ba. In kuma tsautsayi ya faɗa, dabba ta shiga, kada ka gudu da dare. Nemi dattijo ɗan gari ya raka ka wurin tindana tun maganar ba ta yi nisa ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Wanda ya san wani kurmi ko tafki mai irin wannan doka a hanyar da yake bi, ya aiko mana da sunan garin, mu karanta wa 'yan'uwa a shiri na gaba. Allah Ya tsare hanya, Ya albarkaci dukiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.