Albasa Ba Ta Yi Halin Ruwa Ba

A cikin watan jiya na je rangadi Kademi, ta ƙasar Gaya, sai na tarar da waɗansu maƙwabta biyu sun kwana goma ba sa ga maciji da juna, a kan 'yan tsaki. Ɗayansu, wani dattijo, yana da zakara da kaza irin marasa gashin wuyan nan. Kazar ta ƙyanƙyashe 'ya'ya 11. Guda 2 wuyansu fayau, guda 6 suna da ɗan curin gashi a gaban wuya kamar gemu, guda 3 kuwa gashi ya rufe musu wuya ruf. Dattijo ya rantse zakaran maƙwabcinsa ne ke tsallako katanga.

Ya ce mini, "Malam, barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?"

Na ce, "Baba, a kamo mini zakaran da kazar in gani." Da aka kamo su, sai ga ɗan gemun nan a wuyan kowannensu. Na ce, "Baba, maƙwabcinka ba shi da laifi. Mai gashin wuya yana cikin gidanka tun ran da ka sayi waɗannan."

To, da ya ke irin wannan rigima ba a Kademi kaɗai a ke yinta ba, na ga ya kamata in yi wa jama'a bayani.

Kowane hali na dabba ko na shuka yana da ƙwayoyin gado biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya fara gane haka wani limamin Kirista ne, Gregor Mendel, a garin Brno cikin ƙasar Cek ta yanzu. Ya haɗa doguwar shukar waken Turawa da gajeruwa, 'ya'yan duka suka fito dogaye. Da 'ya'yan nan suka yi nasu 'ya'yan, sai gajarta ta sake ɓullowa, ɗaya cikin huɗu. A 1865 ya bayyana wa mutane cewa wata ƙwaya takan rinjayi 'yar'uwarta, wadda aka rinjaya kuwa ba ta mutu ba, laɓewa ta yi.

Wannan ya warware zancen 'yan tsaki masu gashin wuya. Zakaran dattijo da kazarsa kowanne yana ɗauke da ƙwayar rashin gashi ɗaya da ƙwayar gashi ɗaya. Ɗan tsakon da ya ɗauki ƙwayar gashi daga uwa, ya kuma ɗauke ta daga uba, dole wuyansa ya rufe. Amma ku lura, da rinjaye ne kawai, da iri biyu za a gani. Ga shi kuwa iri uku suka fito. Dalili, ƙwayar rashin gashi ba ta rinjaye sarai. Kazar da ta sami biyu, wuyanta fayau, gashin jikinta ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Wadda ta sami ɗaya tak tana tsaka-tsaki, ita ce mai gemu. Wannan ba zancen ado ba ne, gama kaza marar gashin wuya ta fi jure zafin bazara. Kadan kana son kajinka duka su zama haka, nemi zakara mai wuya fayau. Ko da kazar gida mai cikakken gashi ka haɗa shi, duk 'ya'yan za su fito da wuya a buɗe, da ɗan gemunsu.

Na biyu, yawancin halayen da ke kawo kuɗi ba ƙwaya ɗaya ke riƙe da su ba. Tsawon zangarniyar gero, da nauyin rago, da yawan nonon saniya, ƙwayoyi masu yawa ne su ke taruwa, kowace ta ba da ɗan nata. Shi ya sa ɗan babban sa ba lalle ya kai ubansa ba, gyaran iri kuwa sai an jure zaɓe shekara da shekaru. Shi ya sa kuma masara mai aure, wadda kamfanonin iri ke sayarwa, takan yi kyau a shekarar fari, amma kadan ka ɗebi iri daga cikinta ka shuka baɗi, sai gona ta fito wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Ɗan kasuwa bai cuce ka ba. Ƙwayoyin da aka haɗa ne suka watse. Wake da gyaɗa ba su da wannan, domin furensu shi ke yi wa kansa barbara, saboda haka irinsu na ajiyewa ne.

Na uku shi ne wanda ya fi ban mamaki. Wanda ya yi makarantar allo ya san babbaƙu da farfaru. Rubuta kara da kira da ajami: baƙaƙen ɗaya ne, wasali ne ya raba su. To, haka ƙwayoyin gado su ke. Jiki yana ɗora musu waɗansu alamomi masu cewa wannan ƙwaya ta yi aiki, waccan ta yi shiru, ba tare da ƙwayar kanta ta sake ba. Wani Baturen Ingila, Conrad Waddington, shi ya raɗa wa wannan ilmi suna efijenetik a 1942. Abinci kuwa yana cikin abubuwan da ke taɓa alamomin nan.

Masu ɗaura amya sun san sarauniyar zuma. Ƙwan da ta fito da ƙwan da 'yan aikin amya suka fito iri ɗaya ne. Abinci ne ya raba su: tsutsar da aka yi ta ɗura wa abincin sarauta ita ke zama sarauniya cikin kwana 16, ta yi shekaru tana ƙwai, sauran kuwa sai kwana 21 su ke fitowa, su yi 'yan makonni suna wahala su mutu. A 2008 masana a wata jami'a a birnin Kanbera na Ostareliya suka hana jikin tsutsotsi ɗora alamomin nan, sai yawancinsu suka zama sarauniyoyi.

Ga mutane ma an gani. A ƙauyukan Keneba na ƙasar Gambiya, inda abinci ke sakewa tsakanin damina da rani kamar namu, likitoci sun auna jinin mata da na jariransu. A 2014 suka bayyana cewa yaran da aka ɗauki cikinsu da damina alamomin ƙwayoyinsu sun bambanta da na waɗanda aka ɗauka da rani, bambancin kuwa ya bi abin da ke cikin jinin uwa lokacin da ciki ya shiga. A ƙasar Holan an yi yunwa a 1944 zuwa 1945, waɗanda su ke ciki a lokacin kuwa an sami alamar yunwar a ƙwayoyinsu bayan shekara 60.

Amma kada wani ya zarce. Ga dabbobi da mutane, yawancin alamomin nan gogewa su ke yi kafin su kai ga jikoki. Dusa ba ta mai da akuyar gida ta zama wani iri. Abin da ke nan shi ne, yunwar uwa tana iya hana iri mai kyau nuna kyansa.

Saboda haka ga shawarata ga mutanen Gaya da Ajingi. Mutum yakan tafi kasuwar Wudil ran Jumma'a ya zuba kuɗi a kan sa ko bunsuru don iri, sa'an nan ya sayar da harawarsa duka da kaka, ya bar matan dabbobi suna lasar ƙasa da bazara. Wannan an yi ba a yi ba ke nan. Ku ware harawar wake da ta gyaɗa da dusa don uwayen garke, ku fara ba su tun kafin barbara. Cikin akuya wata biyar ne, ɗan kuwa ya fi girma a makonni shida na ƙarshe, kada a gaza mata a nan. Abin da na faɗa game da garke, matan gida sun fi cancanta da shi: wake da gyaɗa da ganye da ƙwai, kada a kai kasuwa duka.

Dattijon Kademi dai ya aika wa maƙwabcinsa da goro, ya kuma ware 'yan tsakin nan biyu masu wuya fayau, yana fatan a sami zakara a cikinsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.