Balaga Ba Ta Jiran Kunyar Iyaye

Yarinya takan fara ƙirgen dangi tsakanin shekara 8 zuwa 13, yaro kuma jikinsa ya fara sauyawa tsakanin 9 zuwa 14. Ke nan ɗan aji biyar na firamare ma yana iya kasancewa a hanya. Amma a gidajenmu da yawa sai an ga jini a zane sannan uwa ta ce, "To, yanzu kin girma, ki kiyayi maza." Yarinya ta tashi da fargaba, ba ta ƙaru da komai ba.

Jinin al'ada yakan zo bayan kamar shekara biyu da fara ƙirgen dangi, don haka uwa tana da isasshen lokacin shirya 'yarta. Yarinyar ta san cewa jinin ba ciwo ba ne, kuma a shekarun farko yana iya tsallake wata ɗaya ko biyu. Ta san yadda ake sa audugar mata, da cewa ana canza ta bayan awa huɗu zuwa shida. In ƙunzugu ne, a wanke da sabulu a shanya a rana. Ɓoye shi a ƙarƙashin katifa da danshinsa, don kada a gani, shi ke jawo ƙaiƙayi. Farin ruwan da ke fita ba wari ba ƙaiƙayi kuwa lafiya ce, amma 'yan mata nawa ne ke zuwa kemis a ɓoye suna shan maganin "sanyi" a kansa? A ƙara mata wake, zogale, alayyahu da hanta, saboda jinin da take zubarwa. In ta kai 15 ba ta ga al'ada ba, ko jinin yana wuce kwana bakwai, ko ciwon mara yana hana ta makaranta, a je asibiti.

Yaro namiji ma an fi barinsa a duhu. Murya ta fashe, ƙuraje su feso, wani lokaci nono ya ɗan kumbura, abin da yawanci kan baje da kansa. Ranar da ya fara mafarki, abokai da waya ne malamansa, alhali littafin Ahalari da yake karantawa a Islamiyya ya yi bayanin wankan janaba da hukuncin haila ƙarara. Malaman da suka rubuta shi da ire-irensa ba su fi mu rashin kunya ba.

Gaskiya ne akwai uwar da ko sunan 'yar farinta ba ta faɗa, balle wannan zance. To, ai shi ya sa aka yi goggo da kaka da kawu. A ba ɗaya daga cikinsu aikin, kuma a tabbatar ya yi. Cikin abin da zai faɗa har da wannan: babu wanda ke da ikon taɓa tsiraicin yaro ko yarinya, ko malami ne ko ɗan uwa, kuma wanda ya kawo ƙara ba za a doke shi ba.

Akwai kuma batun rigakafi: a watan Oktoban 2023 Najeriya ta sa rigakafin HPV, mai kare mata daga sankarar bakin mahaifa, cikin alluran da ake yi kyauta, aka fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Allura ɗaya ce, a tambaya a asibitin unguwa.