Yadda Ake Ɗumama Tafkin Wanka da Zafin Rana

Mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa a Jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, wadda ake yi wa kirari da Jihar Hasken Rana, akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai ɗumama ruwan tafkin wanka, watau irin tafkin nan na siminti da masu hali suke ginawa a bayan gida domin iyo. Ina dalilin ɗumama ruwa a ƙasar da rana take dukansa kullum?

Dalili kuwa shi ne jikin ɗan Adam bai cika jin daɗin daɗewa cikin ruwa ba sai zafinsa ya kai wajen digiri 26 zuwa 28 a ma'aunin Santigired. To, a birnin Mayami, wanda yake can kudancin jihar, awon zafi yakan sauko zuwa wajen digiri 16 da dare cikin watan Janairu, a arewacin jihar kuwa sanyin ya fi haka. Sai ka ga mutum ya kashe dukiya ya gina tafki, amma wata da watanni ba mai iya tsoma ƙafa a ciki. Wanda ya taɓa ɗibar ruwan da ya kwana a waje da asubar hunturu a Kano ko Jos ya san abin da ake nufi.

Dafa ruwa da rana ba sabon abu ba ne a Amurka. Tun cikin 1891 wani mutumin Baltimo mai suna Clarence Kemp ya yi rajistar wata na'ura, tankunan ƙarfe ne da aka shafa wa baƙin fenti aka sa cikin akwati mai murfin gilashi. Cikin 1909 William Bailey na Kalifoniya ya kyautata ta, ya raba wurin kama zafi da tankin ajiya domin ruwa ya kwana da ɗuminsa. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu dubban gidaje a Mayami da irin wannan suke wanka. Da gas da lantarki suka yi araha sai aka yi watsi da ita, har zuwa 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai, kuɗin ganga ya ninka wajen sau huɗu cikin 'yan watanni. Masu tafki da suke ƙona gas domin ɗumama shi suka ji a jikinsu. A nan ne kasuwa ta buɗe wa wani ɗan Kalifoniya, Freeman Ford, wanda tun 1969 ya kafa kamfanin FAFCO yana ƙera faifan kama zafin rana da baƙar roba zalla, ba ƙarfe ba gilashi.

Aikin abin ba shi da wuyar ganewa. Duk wanda ya bar baƙin tiyo a rana, sa'an nan ya buɗe famfo ruwan farko ya ƙona masa hannu, ya riga ya ga asalinsa. Kowane tafki dama yana da injin da yake jan ruwa ya tura shi cikin matata ya komo. Abin da ake ƙarawa shi ne a bi da ruwan nan, bayan an tace shi, ta cikin faifan roba masu ɗaruruwan siraran bututu da aka shimfiɗa bisa rufin gida, ya kwashi zafi ya gangaro cikin tafki. Akan sa bawul da ma'aunin zafi biyu, ɗaya a rufi ɗaya a ruwa. In rufi ya fi ruwa zafi bawul ya buɗe hanya, in hadari ya taso ko rana ta faɗi ya rufe. A Amurka faifan kudu suke fuskanta, a Ostareliya kuwa arewa, tun da rana ta can take karkata. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka tana ba da shawara faɗin faifan ya kai daga rabin faɗin fuskar tafkin zuwa daidai da shi.

Wani zai ce ai na gilashi da jan ƙarfe ya fi. Ga ruwan wankan banɗaki, wanda ake so ya kai digiri 50 ko 60, haka ne, gama gilashi yana tsare zafi kada iska ta kwashe. Amma ruwan tafki kaɗan ya ɗara iskar da take kewaye da shi zafi, saboda haka abin da gilashin zai tsare bai taka kara ya karya ba, ga shi yana tare wani kashi na hasken, ga tsada. Bugu da ƙari, sinadarin kulorin da ake zubawa domin kashe ƙwayoyin cuta yana cin jan ƙarfe idan ba a daidaita ruwan ba, har ya bar tabo kore a jikin tafki. A ƙasa mai zafi dai, mai arahar shi ne ya fi dacewa.

Sai dai akwai wani lissafi da ya kamata mai tafki ya yi kafin ya ba da kuɗinsa. A ɗauki tafki mai tsawon mita 8, faɗi mita 4, zurfi mita ɗaya da rabi. Ruwansa lita 48,000 ke nan, kuma kafin a ɗaga zafinsa da digiri ɗaya tak sai an kashe kwatankwacin yunit 56 na wutar lantarki, irin yunit ɗin da mita take ƙirgawa. A ƙasa mai rana, kowace murabba'in mita tana samun wajen yunit 5 na zafi a yini. Faifai mai murabba'in mita 24 zai karɓi yunit 120, in rabi ko fiye da haka ya shiga ruwa, an sami digiri ɗaya da 'yan kai a yini guda.

To, ga inda gizo yake saƙa. Ruwa ba ya zama tururi ya bi iska sai ya tafi da zafi, kuma da wannan hikima ce randa take sanyaya ruwan sha: abin da ya tsattsafo ta jikin yumɓu ya bushe, shi yake zuƙe zafin na ciki. Lita ɗaya in ta bi iska takan tafi da zafin da zai rage wa lita kusan 580 digiri ɗaya. A ce iska busasshiya ta kaɗa, tafkin nan namu ya ragu da milimita 5 cikin yini da dare, abin da ido ma ba zai lura da shi ba. Lita 160 ke nan, sun kuwa tafi da fiye da yunit 100, watau kusan digiri biyu. Abin da faifai ya wuni yana tarawa, iska ta kwashe shi har da ƙari. Tafkin da aka bari a buɗe randa ce babba.

Maganin wannan shi ne mayafi, wata leda mai kauri mai ƙananan kumfar iska a jikinta, wadda ake shimfiɗawa bisa ruwan duk lokacin da ba a wanka. Ma'aikatar nan ta Amurka ta ƙiyasta cewa rufe tafki yana rage kuɗin ɗumama shi da kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Yana kuma rage ruwan ciko da kulorin. A ganina wanda kuɗinsa bai isa duka biyun ba, ya fara sayen mayafi, gama a wurare da yawa masu zafi shi kaɗai ya wadatar.

Amma fa mayafin nan yana da haɗari, kuma ba ƙarami ba. Yaro ƙarami yakan gan shi shimfiɗe ya zaci daɓe ne, ya taka, leda ta lotsa ta naɗe shi, ya nutse a ƙarƙashinta ba wanda ya gani. Babba ma in ya kutsa ƙarƙashinta yana iya rasa ta inda zai ɗago kai. Saboda haka ba a shiga ruwa sai an janye mayafin gaba ɗaya, kuma ba ya maye gurbin shinge mai ƙofa da makulli.

Da bazara kuwa matsalar takan juya. Ruwa yakan wuce digiri 32, mutum ya shiga neman sanyi ya fito yana gumi. A nan sai a ajiye mayafi, a tayar da injin cikin dare maimakon rana. Faifan roba, da yake ba gilashi a kansu, sukan saki zafi zuwa sararin sama idan gari ya yi garau, ruwa ya hau rufi da ɗumi ya sauko ya huce.