Girafin A Cikin Roba: Sirrin Yana Wajen Damu

Yau zan yi magana kan girafin, wanda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓamɓaro da salatif daga irin baƙin da ke cikin fensir, a Jami'ar Manchester a 2004. Kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ne, amma ya fi ƙarfe ƙarfi.

In aka zuba kaɗan cikin narkakkiyar roba, sai ta ƙara ƙwari, har lantarki ya iya bi ta cikinta. Amma fa yana gudaji kamar tuwon da bai tuƙu ba, kuma daga gudajin robar ke fara tsagewa. Shi ya sa ake warwatsa shi da girgizar sauti mai ƙarfi kafin ta daskare. Ka ga ba zuba da yawa ba ne gwaninta, iya damawa ne.

Mu haɗu a shiri na gaba.