Natchez: Garin da Aka Sayar da Ɗan Sarki

Ƴan kasuwa, duk wanda Allah ya kai Natchez, ƙaramin gari a bakin kogin Misisipi a kudancin Amurka, ya zaga tsohon garin da ƙafa. Faransawa suka kafa shi a 1716, auduga ta azurta shi. Gidajen attajiran suna nan tsaye, amma gumin bayi ya gina su.

Nan aka sayar da Abdurrahman, ɗan sarkin Futa Jalon, a 1788. A 1807 yana tallar dankali, wani likita Bature da ya san shi tun Futa ya gane shi. Duk da haka sai 1828 ya sami ƴanci.

A tsohuwar kasuwar bayi, yau sarƙoƙi ne kafe cikin siminti. Ba kowace riba ce halal ba.