Ɓauren Lambu: Sanyi Ba Ya Kashe Shi

'Yan'uwa manoma, ɓauren da muke magana a kansa ba irin na bakin rafi ba ne. Wannan ɓauren lambu ne, ɗan gajeren itace mai faffaɗan ganye da 'ya'ya masu zaƙi. Asalinsa ƙasashen Gabas ta Tsakiya da bakin Bahar Rum. Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa nomansa. Shi ne ɓauren da ake ambata cikin Littafi Mai Tsarki.

A ƙasashen nan ana sanyi fiye da namu. Da sanyi ya shigo sai itacen ya kaɗe ganye, ya tsaya tsirara. Bai mutu ba, hutawa yake yi. Saboda haka mutanen Filato da Mambila kada su ji tsoron hunturu. Abin tsoro shi ne ruwa mai kwanciya a gindinsa, da ruwan sama lokacin da 'ya'ya ke nuna.

Zaɓen iri

Kada ku shuka ƙwayar busasshen ɓaure na kanti. Wasu irin ba su riƙe 'ya'ya sai wani ɗan ƙwaro na musamman ya shiga cikinsu. Ku nemi reshe daga itacen da kuka gani da idonku yana ba da 'ya'ya a yankinku.

Yadda ake dasawa

1. Lokacin da itacen ya kaɗe ganye, a yanki reshen da ya ƙosa, mai kaurin yatsa, tsawon inci 8 zuwa 10.
2. A soka shi cikin leda mai ƙasa da yashi, a bar ido biyu a waje. A ajiye a inuwa, ana yayyafa ruwa.
3. Da farkon damina a mai da shi lambu. A zaɓi wuri mai rana sosai, mai ɗan tudu, inda iskar hunturu ba ta bugawa kai tsaye.
4. A bar ƙafa 15 tsakanin itace da itace. A nisanta shi da bangon ɗaki da rijiya, gama saiwarsa tana tafiya nesa.
5. Kada a dasa inda saiwar tumatir ko kuɓewa ta taɓa yin ƙulu-ƙulu. Tsutsar da ke sa haka tana cin ɓaure ƙwarai.

A zuba ruɓaɓɓen taki, a rufe gindin da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin itacen saboda gara. A yi shinge don awaki.

Dabarar kauce wa damina

In ruwan sama ya sami ɓaure yana nuna, sai ya tsage, ya yi tsami. Manoman yankin Pune a Indiya, su ma masu damina, sukan datse rassa wajen ƙarshen damina, su yi ta ban ruwa, 'ya'ya su nuna da rani. Wanda yake da rijiya a gida ya gwada haka a kan itace ɗaya, ya bar ɗaya, ya ga wanda ya fi.

In ana datsa a kula da farin ruwan itacen, yana sa ƙaiƙayi. Kada ya shiga ido.

Tsinka

Ɓaure ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi. A jira sai ya yi laushi, ya sunkuyar da wuya. Ba ya jimre tafiyar kasuwa mai nisa, don haka a ci a gida, a shanya ragowar a rana.

Yakan soma haihuwa a shekara ta 2 ko ta 3. Ku tuna da mai kula da gonar nan a Luka 13, wanda ya roƙa a ƙara wa ɓaure shekara guda ya yi masa kaftu da taki. Kada a yi saurin kai masa gatari.

Ga shawara ga kowace ƙungiya: ku dasa itace biyu a gidan wanda ba ya rasa ruwa. In sun kama, rassansu sun isa a raba wa kowa ba tare da an kashe ko kwabo ba.